Filin Wasa Ba na Gwanaye Kaɗai Ba Ne

Ɗana, Allah Ya sanya albarka a gurbin karatun da ka samu a Jami'ar Ahmadu Bello. Mahaifinka ya riga ya yi maka faɗa a kan karatu, mahaifiyarka ta ja maka kunne a kan sallah da abokai. Ni baffanka zan taɓa ɓangaren da manya ba su cika tunawa da shi ba, wato jikinka. So nake, tun zangon farko bai yi nisa ba, ka nufi filin wasa ka shiga wani abu.

Na san amsar da ke bakinka: ba ka iya ba. A sakandare ba ka taɓa buga wa aji ba, balle makaranta, kuma kana ganin filin jami'a na waɗanda suka zo da gwanintarsu ne daga gida. To, saurara. Gaskiya ne akwai 'yan wasan da ke wakiltar jami'a a gasar NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, kuma su tacewa ake yi kafin a ɗauke su. Amma su kaɗan ne. A ƙasansu akwai gasar tsangayoyi, da ta sassa, da ta ɗakunan kwanan ɗalibai, inda kullum kyaftin ke yawon neman wanda zai cike masa gurbi. A ƙasan wannan kuma akwai wasan yamma, tsakanin La'asar da Magariba, wanda ba a tambayar kowa takarda. Nan nake tura ka.

Ba rashin iyawa ke hana yara irinka shiga ba, kunya ce. Yaro ya gwammace ya shekara huɗu a bakin fili yana kallo da ya shiga ya yi kuskure a gaban mutane sau ɗaya. Abin da bai sani ba shi ne, babu wanda ya damu da kuskurensa kamar yadda shi ya damu. Za a yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Amma dariyar fili ba ta kwana, kuma wanda ya fi kowa ƙyalƙyalewa yau, sau da yawa shi zai tsaya gobe ya gyara maka tsayuwa.

Ga yadda za ka yi. Ka je da wuri, kafin fili ya cika. Ka yi sallama, ka tsaya a gefe. In ƙwallo ta fita, ɗauko ta ka miƙa. Ka lura da wanda ake sauraron maganarsa, koci ne ko kyaftin, in an tsaya shan ruwa ka same shi ka ce, "Ni sabo ne, ban iya ba, koyo nake so." Kada ka ƙara komai a kai. Kada ka ce ka ɗan taɓa a da, domin minti biyar sun isa su tona ka. Masu horarwa sun fi jin daɗin wanda ya zo hannu rabbana a kan wanda ya zo da karkatacciyar iyawa yana gardama a kanta.

Kuma kada ka ɗauka wasa ƙwallon ƙafa ne kawai. A can ne cunkoso ya fi yawa, kuma kowa tun yana yaro yake buga ta a lungu, don haka sabon shiga ya fi shan wuya. Duba ƙwallon raga, da ta kwando, da ta hannu, da ta tebur, da badminton, da guje-guje, da taekwondo. A irin waɗannan, yawancin ɗalibai a jami'a suka fara, kai da su tafiyarku ɗaya. In ƙwallon raga ka zaɓa, ranar farko damatsan hannunka za su yi ja, su yi zafi, ƙwallo ta riƙa tashi inda ba ka aike ta ba. Za a ce ka haɗe hannu biyu, ka miƙe gwiwar hannu, ka durƙusa kaɗan, ka bar ƙafafu su yi ɗagawar. Sati biyu ko uku kana wannan da bango, wata rana sai ka ji ƙwallon ta zauna daidai, ta tashi a hankali ta sauka hannun abokin wasanka. Daga ranar ba sai an tura ka fili ba.

Garin da za ka zauna ma yana da tarihinsa a wannan fanni. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, ƙwallon ƙafa yake bugawa, sai da ya kai shekara 13 ya kama ƙwallon kwando, ya kuma samu kulawar Oliver Johnson, koci Ba'amurke da ya daɗe yana horar da matasa a garin. A 2019 yana shugabancin Toronto Raptors ƙungiyar ta ci kofin NBA. Hakeem Olajuwon kuwa gola ne a Legas, bai fara ƙwallon kwando ba sai yana shekara 15, ya zo ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. Ban kawo su don ka sa ran zama irinsu ba. Na kawo su ne don ka san kowane gwani da ranar da ya fara tsayawa a bakin fili bai san komai ba.

Abin da nake nema maka ya fi kofi kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Yamma uku a fili sun biya maka wannan. Rayuwar ɗalibi zama ce: zaman lakca, zaman laburare, zaman danna waya, zaman gidan kallon ƙwallo. Mai motsa jiki ya fi samun barci, ya fi riƙe abin da ya karanta, kuma damuwar jarrabawa ba ta danne shi kamar wanda ya kulle kansa a ɗaki. Sannan ga mutane. A aji, 'yan sashenku kaɗai za ka sani, a ɗaki kuma za ka manne wa 'yan garinku. A fili ne za ka yi gumi tare da Tibi da Bayarabe da Ibo da Babarbare, ɗalibin likitanci da na noma, har ka san sunan kowa da halinsa in an ci shi. Ni a ganina wannan darasi ne da Nijeriya ke buƙata, kuma ba a koyar da shi a allo.

Yanzu jan kunne. Kada ka ce za ka rama shekarun da suka wuce a sati ɗaya. Ka ɗumama jiki na minti goma kafin ka shiga. Tsamin jiki zai zo, ya fi tsanani a kwana na biyu, kuma yana wucewa da kansa. Wannan ba ciwo ba ne. Amma zafin da ya soke ka a gaɓa, ko kumburi, ko ka kasa taka ƙafa, wannan na asibitin makaranta ne, ba na "daure, kai namiji ne" ba. Mai sikila ko asma ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna, ya kuma gaya wa koci. Faɗa wa abokanka wannan. Ka riƙe gorar ruwa, musamman a bazara, har ma da hunturu da mutum ke bushewa bai ji ƙishi ba. Da azumi ka rage, ko ka mayar da atisaye bayan buɗa-baki. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya wai don ƙarin ƙarfi ko kashe gajiya, ka bar masa abarsa, ka kuma rage zama da shi. Haka nan caca a kan wasa. In an kira Magariba, wasa ya ƙare. In jarrabawa ta matso, fili ya jira, domin karatu ne ya kai ka Zariya.

In ƙanwarka ta biyo ka baɗi da yardar Allah, kada ka zama mai hana ta. Hukumar FIFA ta amince mata su yi wasa da kansu a rufe tun 2014, ta ƙwallon kwando ta duniya ta bi sahu a 2017, kuma mace na iya motsa jiki cikin sutura da mutunci tare da 'yan'uwanta mata. Jikinta ma amana ne kamar naka.

Batun kaya kuwa, kada ya tsayar da kai. Wando mai sakewa da tsohuwar riga sun isa farawa, kada dai ka shiga da silifas. Aiko mini da lambar ƙafarka, zan sa a sayo maka kambas a Sabon Gari. In kun samu hutu ka zo ka gaya mini wasan da ka zaɓa da sunan kocinka.