Darasi: Wuraren Rainon Ƙananan Yara da Yadda Za a Zaɓa

A gida, kafin gudun hijira, uwa ba ta rasa wanda za ta miƙa wa goyo: ga kaka, ga kishiya, ga maƙwabciya. Tun daga 2019 da jama'a suka fara tsallakowa jihar Maraɗi daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, dangi da yawa sun warwatsu. Yau mace za ta tafi ɗiban ruwa, ko itace, ko layin rabon abinci, sai ta bar jinjiri a hannun yarinya 'yar shekara 7. Yarinyar ta rasa makaranta, jinjirin kuma yana kusa da murhu da bokitin ruwa ba babba a wurin. Darasinmu na wannan fitowa shi ne sanin ire-iren wuraren raino, domin kowanne da shekarunsa da aikinsa.

1. Raino a gida

Daga haihuwa zuwa shekara 2, babu wurin da ya kai kusa da uwa. Wata 6 na farko nono zalla jariri yake buƙata, ko ruwa ba a ba shi, saboda haka ba a yin nisa da shi. Idan fita ta zama dole, a bar shi wurin babban mutum da ya saba da shi. Yayarsa tana iya yi masa wasa, amma kada a ɗora mata nauyinsa ita kaɗai.

2. Rainon karɓa-karɓa

Wannan kamar adashi yake. Mata huɗu ko biyar maƙwabtan juna su daidaita: yau ɗaya ta zauna da yaran, sauran su fita neman abin kai, gobe wata ta karɓa. Ba ya cin ko dala. Sharaɗinsa shi ne kada yaran su fi ƙarfin idon mai tsaro, kowace uwa ta bar abincin ɗanta, kuma a san inda za a same ta idan zazzaɓi ya taso.

3. Wurin uwa da jariri

A wasu matsugunai ana ware rumfa ko ɗaki kusa da asibiti domin masu ciki da masu shayarwa. Ba wurin ajiye yaro a tafi ba ne, uwa da ɗanta suke zama tare. Ana koyar da shayarwa da dama kunun yara, ana kuma auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Idan ma'aunin ya nuna ja, tamowa ta yi tsanani, sai a kai shi asibiti ranar nan.

4. Filin yara

A jikin allo za ku ga an rubuta Espace Ami des Enfants da Faransanci. Wuri ne na wasa, waƙa da zane, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan da aka horar. Wasu iyaye suna cewa ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. Yaron da ya ga tashin hankali, har ya daina magana ko yake firgita cikin barci, sau da yawa ta hanyar wasa da tsaransa yake dawowa daidai. Sai dai ku sani, sa'o'i kaɗan ake yi, ba a karɓar jarirai, kuma ba ya maye gurbin makaranta. Kyauta ne.

5. Makarantar share fage

A Nijar sunanta jardin d'enfants, wato irin nazare ta Najeriya. Tana ɗaukar yara daga wajen shekara 3 har su isa shiga firamare. Amfaninta a gare mu babba ne, domin karatun boko a nan da Faransanci ake yi, ba da Ingilishi ba. Yaron da kunnensa ya saba tun yana ƙarami ba ya shan wahala a ajin farko, wanda ake kira CI. A watan Oktoba ake komawa makaranta, don haka a nemi rubuta suna tun kafin lokacin. Ɗan gudun hijira yana da haƙƙin karatun firamare daidai da ɗan ƙasa, mace da namiji.

6. Makarantar allo

Kowa ya san ta. Ga ƙaramin yaro, wadda ta dace ita ce ta cikin unguwa, ya je ya dawo, ya ci a gida ya kwana a gida. Tura ɗan shekara 5 wani gari a wannan hali na rashin tsaro, ba takarda a hannunsa, kasada ce. Idan ya ɓata, nemo shi aiki ne ja.

7. Gidan riƙo

Wannan na yaran da suka rabu da iyayensu a hanya ne, ko marayu. Wani gida yakan riƙe yaro har a gano danginsa. Idan akwai irin wannan yaro a hannunku, Allah Ya saka da alheri, amma ku sanar da ofishin kare haƙƙi domin a rubuta shi, a fara cigiya. Ba ƙwace shi za a yi ba.

Tambayoyi huɗu kafin ku bar yaro

Ko wane wuri ne, ku je da ƙafarku ku gani, sannan ku tambayi kanku:

Wane babba ne ke tsaron yaran, kuma yara nawa ne a hannunsa?
Akwai inuwa, ruwan sha mai tsabta da makewayi?
Wa aka yarda ya ɗauki yaron idan an tashi?
Ana duka ko tsoratarwa?

Bayan haka ku lura da yaron kansa. Idan ya fara ƙin zuwa, ko kuka ga tabo a jikinsa, ko yana tsoron wani mutum, ku zaunar da shi ku saurare shi ba tare da tsawa ba. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wata alfarma kafin ya karɓi ɗanku a wurin da ƙungiyoyin agaji suka buɗe, ku kai ƙararsa ofishin kare haƙƙi. Ana riƙe sirri.

Iyaye maza, wannan magana har da ku. Ranar rabon abinci, idan uwa tana layi, uba ya zauna da yara ba abin kunya ba ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya mayar da kowa gida lafiya.