Katangar Tsaro: Mai Gadin Kwamfutarki

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani mai gadi ne da ba ki ganin sa, amma kullum yana bakin aiki. Masana na kiran sa fayawol, mu kuma mu ce katangar tsaro.

Kin ga, duk kwamfutar da ta hau intanet tamkar gida ce mai ƙofofi sama da 65,000, kowace da lambarta. Ta nan saƙonni ke shiga suna fita. Katangar tsaro manhaja ce da ke tsaye a bakin ƙofofin nan. Idan ke kika buɗe wani shafi, amsa ta dawo, sai ta bar ta ta wuce. Wanda kuwa ya ƙwanƙwasa ba a kira shi ba, sai ta mayar da shi.

Kada ki ce ai ni ba ni da abin sata. Hotunan iyali fa? Lissafin shagonki, ko sakamakon ɗaliban makarantar da kike kula da ita? Ɓarawon intanet ba ya zaɓen gida, manhaja yake saki tana bi ƙofa-ƙofa tana neman wadda aka bari a buɗe. A 2003 da 2004 cututtukan kwamfuta Blaster da Sasser sun shiga kwamfutoci ba tare da masu su sun danna komai ba. Daga 2004 ne Microsoft ya fara kunna katangar Windows tun daga kamfani. A watan Mayu na 2017 kuma WannaCry ta bi ta ƙofa mai lamba 445, ta kulle bayanan mutane a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila, aka ce sai an biya kuɗin fansa. Alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa.

To, me ya kamata ki yi?

1. Ki buɗe Windows Security ki tabbatar katangar a kunne take. In Mac kike da shi, ki shiga saiti ki kunna da kanki.
2. Idan yara ko mai gyara suka ce a kashe ta don a saka wasa ko manhajar da ba a saya ba, ki ƙi. In dole ta sa aka kashe, a kunna kafin a tashi.
3. Na'urar Wi-Fi ta gida ita ce zaurenki. Ki canja kalmar sirrin da ta zo da ita, musamman in "admin" ce. A 2016 cutar Mirai da irin waɗannan kalmomi ta kame dubban na'urori.
4. Idan kwamfuta ta nemi a sabunta ta, kada ki yi ta ɗagawa.

Amma fa 'yar'uwa, mai gadi ba ya hana baƙon da matar gida ta ce ya shigo. Idan kika danna saƙon "kin ci kyauta" a WhatsApp, ko kika karanta wa wani lambar sirrin da banki ya turo miki, katanga ba ta da yadda za ta yi. Banki ba ya kira ya nemi wannan lamba. Ki koya wa yara da masu taya ki aiki haka.

Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki duba katangar kamar yadda kike duba ƙofar gida. Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.