Darasin Lafiya: Duban Ciki da Mesa

'Yan'uwa manoma, idan karan dawa ya fara bushewa, mukan tsaga shi mu ga tsutsar da ke ciki. A yau likita yana iya ganin cikin mutum ba tare da ya tsaga shi ba. Sunan wannan aiki endoskofi.

Ana amfani da wata siririyar mesa mai lanƙwasuwa, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, da fitila da kyamara a bakinta. Likita yakan fesa magani a maƙogwaro don ya mutu, sa'an nan ya zura mesar ta baki har tumbi da farkon hanji, yana kallo a allo. Ba ta hana numfashi, gama hanyar iska dabam take. Aikin yakan ɗauki kamar minti 15, amma sai mutum ya bar cin abinci awa 6 zuwa 8 kafin a yi.

Me ake nema? Gyambon ciki, da inda jini ke zuba, da ciwon daji. Likita yakan gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji. A shekara ta 1982 Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano ƙwayar cuta da ke haddasa yawancin gyambon ciki. Tana da magani. Wani abin kuma shi ne asfirin da makamantansa da muke sha kullum saboda ciwon jiki bayan noma. Kanwa tana kwantar da ƙwarnafi, amma ba ta warkar da gyambo.

Kada mu yi jinkirin zuwa asibiti idan muka ga ɗayan waɗannan:

1. Aman jini.
2. Bayan gida baƙi kamar kwalta.
3. Wahalar haɗiye abinci.
4. Rama ba dalili.

Ana yin wannan aiki a manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa na Jos, Zariya da Kano. Tsoro da kuɗin mota su ne ke hana mutanenmu zuwa. Allah ne ya ba mu jiki, kula da shi kuwa aikinmu ne.

Tambayoyi domin taron ƙungiya:

1. Mutum nawa a cikinmu ke shan maganin ciwon jiki kowace rana?
2. Buhu nawa za mu ware a kakar bana domin ɗan'uwan da aka tura babban asibiti?