Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

A cikin shekarar 1793 aka haifi tagwaye a gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a garin Degel, cikin ƙasar Gobir. Namijin aka raɗa masa suna Hassan, macen kuwa Asma'u. Tun tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, sauran matan Shehu suka rene ta. Gidan nan kuwa gidan karatu ne, maza da mata kowa da allonsa. A nan ta sauke Alƙur'ani, sa'an nan ta shiga littattafai. Ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, har da harshen Buzaye.

A shekarar 1804, tana da shekara 11, Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, ita ma tana cikin jama'ar. Daga nan aka shiga shekarun yaƙi da yunwa da annoba. Da idonta ta ga yadda yara su ke zama marayu, mata su ke rasa mazansu. Da aka kafa Sakkwato a 1809, sai ta zauna can tare da mijinta Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin wanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da ƙura ta lafa, Nana ta duba halin matan ƙauye, abin ya dame ta ƙwarai. Yaƙi ya bar zawarawa da yawa, ga kuma waɗanda aka kamo daga wurare dabam dabam. Yawancinsu ba su san yadda a ke alwala ko salla ba, in ciwo ya zo ba su da madogara sai bori. Matar aure kuwa, ga daka, ga girki, ga reno, ba ta da halin barin gidanta ta tafi birni neman ilmi. Nana ta ga in ba a kai musu ilmi har ƙofar ɗaki ba, haka za su zauna cikin duhu, su kuma reni 'ya'yansu a cikinsa.

Ga dabarar da ta yi. Ta riƙa zaɓen dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga kowane ƙauye, ta koya mata karatu, sa'an nan ta naɗa ta Jaji, watau jagorar ayari. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. A dā Innar Gobir, shugabar masu bori, ita aka sani da irin wannan malfa. Da mata suka gan ta a kan malamai, sai suka gane girma ya koma wajen ilmi.

Kowace Jaji takan tattara 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, da tsofaffi waɗanda suka gama reno, ta jawo su a ƙasa har gidan Nana. Su ne a ke kira 'Yan Taru. Su zauna su yi karatu, su yi tambaya a ba su amsa, sa'an nan su koma su koya wa matan da suka bari a gida. Da ya ke yawancinsu ba su iya karanta rubutu ba, sai Nana ta riƙa shirya darussa cikin waƙa don sauƙin haddacewa. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30 kaɗai. Ta yi ta da Fillanci a 1829, da Hausa a 1838. Mace tana kaɗi ko niƙa, tana bitar karatunta.

Nana ba ta yarda ilmi ya tsaya a baka ba. Ta hori 'Yan Taru su riƙa jinyar marasa lafiya, su taimaki marayu, su yi wa mata wankan gawa, su share masallaci, su sulhunta masu faɗa. Sukan zo mata da sadakar hatsi da zuma da tufafi, ita kuwa sai ta rarraba wa mabukata. Da wata Jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana ta yi mata waƙar ta'aziyya, kamar yadda ta yi wa manyan gidansu.

Allah ya yi mata rasuwa a shekarar 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. Ta bar rubuce-rubuce wajen 60. Aikin kuwa bai mutu da mutuwarta ba, gama ta riga ta horar da masu ɗaukarsa. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da shugabancin 'Yan Taru. Yaro ko yarinya da ya koyi wani abu a makaranta yau, in ya koma gida ya koya wa wanda bai samu zuwa ba, ya bi sawun Nana ke nan.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Nana Asma'u, a wace shekara?
2. Me ya hana matan ƙauye zuwa birni neman ilmi?
3. Mene ne aikin Jaji, da me a ke gane ta?
4. Don me Nana ta shirya darussanta cikin waƙa?
5. Rubuta ayyuka uku na taimako waɗanda 'Yan Taru suka riƙa yi.