Aikin Masinjan Kotu a Shari'ar Mai Taɓin Hankali

Tun 1916 akwai doka a Nijeriya game da masu taɓin hankali, wadda aka sake tsarawa a 1958. Wannan doka ta fi mai da hankali ga tsare mutum a kan yi masa magani. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta ɗauki irin wannan mutum a matsayin majinyaci mai haƙƙi. Saboda haka ya kamata jama'a su san iyakar aikin masinjan kotu, domin shi ne ma'aikacin shari'a da ke fara zuwa ƙofar gida.

A ce an kai ƙarar wani magidanci a Tudun Wada cikin Minna, alhali kuwa ba ya cikin hayyacinsa. Ga abin da ke kan masinja:

1. Ya kai sammaci yadda kotu ta umarta. In ya tarar mutumin ba ya fahimtar magana, sai ya koma ya shaida wa kotu abin da ya gani da idonsa.

2. Ranar zama, ya kiyaye tsari, ya hana 'yan kallo yi wa mutumin dariya ko tsokana.

3. In alƙali ya ce likita ya duba shi, masinja ya isar da takardar umarnin ba tare da jinkiri ba.

4. Kada ya yayata abin da ya ji game da ciwon mutum a unguwa ko a kasuwa.

Masinja ba likita ba ne, ba kuma alƙali ba. Ba shi da ikon cewa wane mahaukaci ne, balle ya doke shi ko ya ɗaure shi da mari. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtar da kowane mutum ko wulaƙanta shi, mai lafiya ne ko marar lafiya.

Su kuma 'yan'uwa kada su ɓoye majinyaci don kunya. Su raka shi kotu da katin asibitinsa. Duk masinjan da ya nemi na goro ko ya ci zarafin majinyaci, a kai ƙararsa wurin rajistaran kotu.