Teku a Cikin Falo: Inbata Tukuna, Kifi Daga Baya

Washegarin Babbar Sallah, da sanyin safiya, wayar ta shigo. Mai gadin wani gida ne a Abuja, muryarsa na rawa: "Malam, don Allah ka zo. Ruwan nan ya yi fari kamar an dama masa koko, kifayen duk sun kife." Mai wannan rubutu, wanda sana'arsa ke nan haɗa tankunan gilashi na kifin ado da kula da su, tun a hanya ya san abin da zai tarar. Maigida ya tafi garinsu da iyali, wuta ta ɗauke tun jajibiri, batirin inbata ya ja har ya gaji, kuma an ja wa mai gadi kunne kada ya tayar da janareta tunda ba kowa a gida. Tanki ne mai lita 300, wata bakwai da haɗawa. Warin da ke tashi daga cikinsa ya cika falon har matattakala.

Da aka samu maigidan a waya, tambayarsa ɗaya ce: "To Malam, kifi a cikin ruwa, me ya haɗa shi da NEPA?"

"Ranka ya daɗe, numfashinsa ne ke jikinta."

Tambayar Alhaji ba ta rashin sani ba ce. Kifin da muka saba kiwo, tarwaɗa, jarumi ne: yana da wata gaɓa a bayan kai da yake shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa zai kwana a baho cikin gurɓataccen ruwa ya wayi gari yana motsi. Kifin teku bai san wannan wahala ba. Ruwan gishiri tun asali bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, kuma duk ƙarin ɗumi sai iskar ta ƙara raguwa. Abin da ke sabunta ta shi ne kaɗawar saman ruwan da ƙananan injuna ke yi dare da rana. In suka tsaya, kifi da murjani da ƙwayoyin bakteriya duk suna ci gaba da zuƙar ɗan abin da ya rage, kuma a tanki mai cunkoso sa'o'i kaɗan sun isa. Saboda haka duk wanda ya zo wa mai wannan rubutu da hoton tanki a waya yana cewa irin wannan yake so, kafin a yi maganar gilashi sai an je an duba batir da sola, an lissafa sa'o'i nawa za su riƙe injunan in an yi kwana biyu ba a kawo wuta ba. Mutane da yawa a nan suke janyewa, kuma janyewar alheri ce gare su da aljihunsu.

Murjani ba baƙuwar kalma ba ce a Hausa. Tana cikin Suratur Rahman, tana cikin sunan Murjanatu, tana kuma wuyan iyayenmu mata a matsayin jan dutsen ado. Shi wancan jan murjanin na asali daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, kuma ƙashin wata halitta ne. Wanda ake rainon sa a tanki ɗan uwansa ne na ruwan ɗumi, kuma duk da kamarsa da fure ko reshen itace, dabba ne: tarin ƙananan halittu masu baki da 'yan hannuwa, manne da juna. A cikin tsokarsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da haske ta ba mai masaukinta mafi yawan abin da yake rayuwa da shi. Dalilin fitilun nan masu shuɗin haske ke nan, waɗanda baƙi ke ɗauka ado ne.

Wannan zaman tare da gansakuka ba ya jure zafi. Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyas. A teku, in ɗumi ya haura abin da aka saba da digiri 1 kacal ya kuma daɗe makonni, murjani kan kori gansakukar, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ya faru a babban tsaunin murjani na gaɓar Ostireliya, mai tsawon fiye da kilomita 2,300, a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024. To, a auna wannan da ɗaki a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40. Tanki a irin ɗakin nan sai da na'urar sanyaya ruwa, ko a ajiye shi inda AC ba ta mutuwa, kuma na'urar ita ce ta fi komai shan wuta. In hunturu ya kama kuma sai a koma neman hita. Fanka da ke busa saman ruwan tana rage digiri 1 ko 2, amma ruwa take sha a madadin haka.

Batun shan ruwan nan shi ne inda sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, wato tanki mai lita 200 zai ci kusan kilo 7 ranar farko. Gishirin girki ba ya wannan aiki, ballantana manda ko kanwa. Haɗi ne na musamman da ake sayarwa a bokiti, irin su Instant Ocean da Red Sea da Tropic Marin, mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran abin da murjani ke gina ƙashinsa da shi. Ruwan da za a dama shi ma ba a ɗebo shi daga famfo ko rijiyar burtsatse: na famfo yana da kilorin, na rijiya kuma ba a san me ya kwaso a ƙasa ba, sau da yawa irin sinadaran da ke sa gansakuka ta rufe duwatsu cikin mako biyu. Ana tace shi da na'urar RO, irin wadda gidajen fiya-wata ke amfani da babbarta, sannan a ƙara masa wani matacin da ke kwashe ragowar.

In ruwa ya ƙafe, ruwan ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan. Don haka abin da ake cikawa da shi kullum tataccen ruwa ne zalla. An taɓa kiran mai wannan rubutu wani ofis inda murjanai suka tsuke suka ƙi buɗewa a tsakiyar hunturu. Ya ɗiga ɗigo biyu na ruwan a kan gilashin ma'aunin gishiri, ya rufe murfin, ya ɗaga shi saitin taga ya leƙa kamar mai duban wata: layin da ya kamata ya tsaya a 1.025 ya haye sama har ya kusa fita daga ma'aunin. Ashe masinjan ofishin, bawan Allah mai himma, kullum da safe sai ya ga ruwa ya ragu da lita 3 ko 4 saboda bushewar iska, ya dama na gishiri ya cika. Laifin na wanda bai zaunar da shi ya yi masa bayani ba ne. Gyaran ya ɗauki kusan mako guda, domin saukar da gishiri farat ɗaya ma kisa ne.

Girman tanki kuwa, ƙarami ya fi wahala. Tankin lita 30 da ake ɗorawa a tebur yana ɗumama da wuri, gishirinsa na hawa da wuri, kifi ɗaya ya mutu a bayan dutse ya lalata shi kafin azahar. Tsakanin lita 150 da 250 ya fi yafe wa mai koyo kuskurensa. A tuna kawai cewa lita 200 da duwatsu da gilashi sun doshi kilo 300, ba aikin teburin talabijin ba ne.

Daga nan sai jira, wanda shi ne jarrabawar gaskiya. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce ko da 'yar kaɗan. Wasu bakteriya ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin zuwa naitiret mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta canjin kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko mako biyu. Bakteriyan nan a jikin duwatsu masu huji-huji suke zama, kuma kafin su yi yawan da za su riƙe tanki akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Hanyar ba sabuwa ba ce. Wani mai suna Lee Chin Eng a Jakarta ya nuna tun farkon shekarun 1960 cewa dutsen teku mai rai da kumfar iska sun isa su riƙe tanki, sannan masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus suka ƙara masa haske mai ƙarfi da na'urar kumfa mai tsamo datti a shekarun 1970. Yawancin tankunan yau jikokin wannan tsari ne. A makonnin jiran ba abin kallo sai dutse da kwalaben gwaji, ana ɗiga magani ana duba launi, har ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifili.

Hausawa na cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse. A wannan sana'a karin maganar ta tsaya a baki, kada wani ya ɗora tukunya. Wasu murjanai masu kama da ƙananan furanni, dangin zowantid, suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani a jikin halitta. Tafasa dutsen da suke kai, ko kankare shi a busasshe, yana tayar da gubar cikin iska. A 2018 a Ingila iyalin wani gida da 'yan kwana-kwanan da suka je ceto sun ƙare a asibiti bayan an wanke duwatsun tanki a cikin gida. Safar hannu da tabarau ba gayu ba ne a nan.

Ranar sayen kifi, yara ne ke zaɓe, kuma tun fitowar fim ɗin Finding Nemo a 2003 zaɓin ba ya canzawa. An yi sa'a, kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane shi ne ya fi dacewa da mai koyo: tun shekarun 1970 ake ƙyanƙyasar sa a gonakin kifi, yana cin abincin gwangwani, yana iya haura shekara 10 a tanki. A sayi ƙanana biyu. Dukkansu maza ake haifar su, wanda ya fi girma sai ya rikiɗe ya zama mace. Ƙawarsa shuɗiya, Dory, ita ce matsala. Tana kai santimita 30, tana son tanki mai tsawon kusan mita 2, kuma sai a 2016 masu bincike a Jami'ar Fulorida suka fara samun nasarar ƙyanƙyasar irinta. Mai wannan rubutu ya sha ɓata wa yara rai a kanta, bai kuma yi nadama ba.

Duk wannan kaya daga waje yake zuwa. Gaɓar tekunmu ta Legas da Fatakwal ba ta da tsaunukan murjani irin na hotuna, saboda laka da ruwan daɗin da manyan koguna irin su Neja ke kwararawa. Mafi kusa da sanin Bahaushe su ne na Bahar Maliya, wanda alhazan ƙafa suka riƙa haurawa daga gaɓar Sudan zuwa Jidda. Tsaunin Sanganeb da ke can ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2016. Kasuwar duniya kuwa Indunusiya da Filifin suka fi cika ta, kuma a can ne wasu masunta ke fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don kifi ya suma a kama shi. Irin wannan kifi kan iso da kyan launi, ya ci abinci, ya mutu bayan 'yan makonni ba dalilin da ake gani. Murjanai masu ƙashi kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba a fitar da su sai da takarda. Mai koyo ya nemi yankan da aka raina a wani tanki, ya fara da masu laushi, irin masu kama da laimar kwaɗi da masu kama da fata. Masu rassa irin su Akurofora sai tanki ya shekara.

Sabon kifi kuma ba a jefa shi cikin babban tanki. Yana yin kamar wata guda a wani ƙaramin tanki na killacewa, domin cutar fararen ɗigo in ta shiga, maganinta mai jan ƙarfe ne, shi kuwa jan ƙarfe yana kashe murjani. Mafita a lokacin ita ce a kwashe kifayen kaf a bar tankin ba kifi fiye da wata biyu.

Sauran haɗurran na cikin gida ne: fiya-fiya da maganin sauro na feshi, kaskon turaren wuta a gindin tanki, hannun da ya sha mai da turare, da yaron da ya ga kifi na kallonsa ya juye masa rabin gwangwani.

Alhajin Abuja ya sake gwadawa bayan wata uku. Wannan karon an fara da ƙarin batir da layin sola na tanki shi kaɗai, da ƙaramin injin iska mai batir da ke tashi da kansa in komai ya mutu. Tankin ya yi mako shida ba komai sai dutse, baƙi na shigowa suna tambayar ina kifin, Hajiya na cewa yana hanya. A jikin bangon da ke gefe an manna takarda da rubutun Hausa manya-manya: lambar da ma'aunin zafi bai kamata ya wuce ba, jarkar da ake cikawa da ita mai shuɗin murfi, da izinin tayar da janareta ko maigida na Makka. Mai gadin ne yanzu ke ɗiga ruwa a gilashin ma'auni duk Juma'a, ya turo hoton layin ta WhatsApp kafin ya tafi masallaci.