Ku Bar Yara Su Yi Gudu

Wannan takarda taku ce, iyaye maza da mata, da malaman makaranta, da masu unguwannin birnin Katsina. Batunta motsa jiki ne, abin da kakanninmu suka samu a ɓagas, mu kuwa sai mun tashi mun neme shi.

A da ba wanda yake ce wa Bakatsine ya motsa jiki. Mutumin Ƙofar Guga in yana da buƙata a Ƙofar Ƙaura, da ƙafa zai je, da ƙafa zai dawo. Mata suna surfe da daka, suna jan ruwa a rijiya. In farin wata ya fito, yara sai dandali: maza su yi langa da kokawa, 'yan mata su yi ta gaɗa har su jiƙe sharkaf da zufa. Yau injin niƙa ya hutar da taɓarya, acaba da kurkura sun hutar da ƙafa, waya kuma ta kwashe yaran dandali. Ba cewa muke a koma jiya ba, sauƙi ai rahama ne. Sai dai jiki yana nan yadda Allah Ya halicce shi, yana bin mu bashin motsi.

Ga dalili. In tsoka tana aiki, tana jan sukari daga jini ta ƙone shi, zuciya ta ƙara ƙarfi, jini ya gudana cikin sauƙi. Ƙashin yaro kuwa da gudu da tsalle yake ƙwari. In an daina, ƙiba ta samu wurin zama, hawan jini da ciwon suga su biyo baya, wani lokaci har da shanyewar ɓarin jiki. Cututtukan nan da muke kira na masu kuɗi, yau suna gidan talaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar minti 60 kowace rana na motsin da zai sa ya yi haki. Babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako, wato ko rabin awa na tafiya da sauri, kwana biyar. Binciken hukumar na 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na yaran duniya 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan awo, kuma mata sun fi maza gazawa.

To, duba yinin ɗanka, ya kai mai karatu. Da safe an ɗora shi a babur zuwa boko, ya zauna a benci har azahar. Ya dawo ya ci abinci tsaye-tsaye, ya saɓi jaka sai Islamiyya. Bayan magariba ga aikin gida, daga nan ya lafe a kan tabarma da wayar uwarsa, wuya a karkace, har barci ya sace shi. Ranar da ya faki ido ya fita buga ƙwallo ya dawo da ƙura a ƙafa, da bulala za a tarbe shi, wai ya tafi shashanci. Ilimi wajibi ne, ba musu. Amma yaron da ya yi wasa ya fi samun barci, ya fi kuma natsuwa a gaban malam.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen 'ya'ya mata da iyayensu. Yarinya da ta fara tasawa sai a ce ta girma da guje-guje. Mu tuna ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Ba sai an fita titi ba. Tsakar gida ta isa tsallen igiya da gaɗa, uwa ma ta kewaya ta da sassarfa bayan sallar asuba. Mai ciki da mai ciwon zuciya su fara jin shawarar likita.

Maigida kuma kada ya ce girma ya hana shi. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kafa wasan folo a Katsina cikin shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya shahara a kansa har ƙasashen waje, rawani bai hana shi zufa ba. Kai da ba ka da doki, je masallaci da kasuwa da ƙafa, ka riƙo hannun ɗanka. Kallon Katsina United a filin wasa na Muhammadu Dikko kuwa nishaɗi ne kawai, masu gudun ne ke cin ribar.

A kiyaye abu biyu. Cikin bazara a yi wasa da sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa sosai. Cikin hunturu mai asma ya guji ƙura. Sannan kada wani ya fake da wannan takarda ya ce yawon talla cikin rana motsa jiki ne. Wahala ce. Yaron da bai ƙoshi ba, abinci yake bukata kafin gudu.

Masu unguwanni, in kun ji za a yanka filin da yara ke ƙwallo a yi shaguna, ku sa baki tun ba a kafa tubali ba. Shugabannin makarantu, kada ku mai da lokacin wasanni na shara ko ƙarin darasi. Iyaye, daga yau ku ware wa kowane yaro awa ɗaya, mace da namiji, in ya dawo da ƙura a ba shi ruwan wanka.